Ramin Kawu

Wanda ya ba da rai ya karɓi abinsa. Kawu, wan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ina rarrafe, ya rasu bayan yankan gero, da hantsi, yana jingine da rumbu. Allah shi jiƙan shi, shi sanyaya makwanci. Na fara da wannan ne don kada wani ya ji abin da zai biyo baya ya ce ban so shi ba. Na so shi. Amma mutumin nan ya ba mu wahala, kuma ban ga abin da zai sa in yi masa ƙarya don ya mutu ba.

An zo gaisuwa sosai. Mutanen Kornaka sun zo, na Badar Gula sun zo, Buzaye sun gangaro daga wajen Azagor da raƙumansu da cukunsu. Sai dai kowa in ya ce ya haƙuri, aka amsa masa, sai ya waiga gabas da gari inda tulin jar ƙasar nan yake, ya kaɗa kai ya ce bawan Allah ya tafi bai ga ruwan rijiyarsa ba. Wata tsohuwa ta shigo cikin gida tana sharɓar hawaye, na zaci Kawu take wa kuka, ashe rijiya ce. Liman ma ya sa baki, ya ce in aka ƙarasa ta ladan zai riƙa iske mamacin a kabari muddin ana sha.

Nan fa Yaya ya miƙe. Yaya shi ne babban ɗan Kawu, yana zaune Kornaka yana fataucin gishiri, kuma rabonsa da leƙa ramin nan an daɗe. Ya share ido da hannun riga, ya ce shi ya ɗauki alkawari gaban jama'a, da an yi sadakar bakwai za a koma haƙa, ba za a tsaya ba sai an ga ruwa. Aka yi ta madalla. Ni ina bayan zana ina dama wa baƙi fura, saura kaɗan in kife ƙwaryar. Don na san wanda zai shiga ramin. Ba Yaya ba ne da wannan tumbin nasa. Ɗana ne.

Kuma ɗan fari ne. Kowa ya san yadda abin yake wurinmu: ba na faɗin sunansa, ba na tambayar ko ya ci ko bai ci ba a gaban mutane, in ya shigo da ciwo sai in kau da kai in aiki wata ta duba shi. Mace ba ta fitowa tsakiyar maza a zaman makoki ta ce a bar aikin lada don tana tsoron kada ɗan farinta ya mutu. Sai na ci gaba da damun fura, raina yana tafasa.

Bari in faɗi inda ramin nan ya samo asali, don yaran yanzu ba su sani ba. Kawu yana saurayi iyayenmu suka taso daga bakin gulbi, lokacin da yaƙi ya hana kowa noma cikin kwanciyar rai, suka hauro nan dajin Dakoro. A wannan ƙasa in ba rijiya ba gari. Kawu ne ya iya haƙa, don haka shi aka sa gaba. Ya zaɓi wani kwari mai ciyawa, ya shiga da dagi, rani guda cur yana ƙasa ana jawo ƙasa da kwando. Can ya iske dutse. Ya buga, ya buga, dagi yana tsalle. Ya fito ya ce wa mahaifinsa ba ruwa a nan, a yi gaba. Suka yi kudu tafiyar rabin yini, ya haƙa wadda muke sha har yau. Ta ba da ruwa, amma zartsi ne, mai sa wake ya ƙi dahuwa.

Shekara ta zagayo, wasu Buzaye suka bi ta kwarin da dabbobinsu, suka ga rami a buɗe. Suka zura mutum, ya fasa dutsen, ruwa ya taso, mai daɗi kamar na sama. To, al'adar dajin nan ba ta da gardama: wanda ya fito da ruwa shi ke da rijiya, shi ke da makiyayar da ke kewaye da ita. Wanda ya fara haƙa ya bari, sai dai a yi masa sannu. Ba wanda ya ga laifin Kawu. Mahaifinsa ya ce ba rabonsu ba ne, ya koma ga gonarsa. Buzayen ma mutanen kirki ne, suka aiko a gaya mana duk mai so ya zo ya ɗiba. Magana ta ƙare ga kowa, ban da mutum ɗaya.

Ni tun da na yi wayo nake jin labarin nan, safe da yamma. Ina ƙarama, abin da ya rage tsakaninsa da ruwa gaba guda ne. Da na isa aure ya koma kamu. Da na haihu ya koma taƙi. Shekarun baya-bayan nan kuwa sai ya ɗaga ɗan yatsa ya nuna maka gaɓar ƙarshe, ya tsura maka ido, yana jira ka yi salati. In ba ka yi ba ya sake daga farko.

Baƙo bai isa ya sha ruwa a gidanmu cikin kwanciyar hankali ba. Da an miƙa masa ƙwarya Kawu zai matso ya ce a yi haƙuri da ɗanɗanon, laifinsa ne, da ya ƙara bugu kaɗan da yanzu ba wannan ake sha ba. Mutum ya kwaso ƙishirwa tun daga Tarka, ƙwarya tana bakinsa, dole ya sauke ya ce ba komai Baba. Akuya ta yi ɓari, ruwan ne. Tuwo bai yi daɗi ba, ruwan ne. Haƙoran yara sun yi ja, ruwan ne. Ranar da mijina ya rasu, kuma maciji ne ya sare shi a gona kowa ya gani, Kawu ya zauna kusa da ni yana kuka, ya ce da a can kwarin muke da gonar ba a nan take ba, da macijin bai same shi ba. Ina cikin hawaye na ji kamar in tashi in bar masa gidan.

Ya rantse ba zai sha ruwan waccan rijiya ba, wai bai cancanta ba. Inna, matarsa, ta taɓa karɓar salka guda daga matan Buzaye, ta dama masa fura ba ta gaya masa ba. Ya shanye tas, ya lashe ludayi, ya ce rabonsa da fura irin wannan tun bakin gulbi. Wata jikarsa mai bakin tsiya ta faɗi inda ruwan ya fito. Kawu ya kwashe tabarmarsa ya koma zaure, ya daina yi wa Inna magana har aka yi shuka. In yana son abu sai ya gaya wa bango. Inna kuwa ta ce ai gara haka, kunnenta ya huta, ta ma yi ƙiba a watannin nan.

Amma ga wani abu, don kada a ce na faɗi gefe guda. Wata shekara bakin rijiyar Buzayen ya rufta, dabbobinsu suna faɗuwa don ƙishirwa, ba su da mai shiga. Ba su aiko ba, don suna jin nauyinsa. Kawu ya ji a bakin wani mai wucewa. Ya ɗauki daginsa da igiyarsa ya tafi a ƙasa, ya shiga, ya yashe ta, ya sake tokare bakin da itace, kwana da kwanaki yana tsaye cikin ruwan nan har ƙugu. Suka kawo masa tunkiya ya ƙi, suka kawo gishiri ya ƙi. Kuma duk kwanakin nan, ruwan zartsinmu da ya ɗauko a gora shi yake kurɓa. Tsohon da ke da rijiyar yanzu ya ba da labarin a wurin gaisuwa yana dariya yana share hawaye, ya ce bai taɓa ganin mutum cikin ruwa yana tattalin ruwan gora ba. Haka Kawu yake. Zai ba ka ransa, amma ba zai bar kansa ya huta ba, kuma ba zai bar ka ka huta ba.

Da a surutu abin ya tsaya, da mun jure, don mun saba. Sai da furfura ta gama cin kansa ya tashi wata safiya ya ce ya ga alama gabas da gari, wajen wani gawo, akwai ruwan daɗi a ƙasa. Ya ce wannan karon ko dutsen ya kai ƙasa ta bakwai ba mai cewa a bari. Shi ƙafa ta riga ta ƙi, don haka 'ya'yansa ya zura. Rani ya zo a yi haƙa, damina ta zo a rufe bakin da itace da zana, rani ya dawo a buɗe. 'Ya'yan suka gaji, suka zame ɗaya bayan ɗaya. Yaya ne ma ya fara gano cewa Allah ya yi shi don fataucin gishiri. Aka bar ɗana, wanda ya koyi haƙa a hannun Kawu tun yana yaro, kuma ba ya iya ce masa a'a.

Su biyun abokan wasa ne, jika da kaka. Ɗana yakan fito daga rami jikinsa ja wur, ya ce tsoho, yau na ji zakarun mutanen ƙasa suna cara, in na ƙara kaɗan zan faɗa musu cikin tukunya. Kawu ya kai masa duka da sanda yana dariya. Sannan ya sa a kawo masa kwandon ƙarshe, ya damƙi ƙasar, ya shinshina, ya ɗora a harshe, ya ce an kusa. Ƙasar nan kuwa a bushe take kamar garin da aka soya. Ni ma na taɓa ta, ba sau ɗaya ba.

Ramin ya yi zurfin da in mutum yana ƙasa ba a ganinsa, sai dai a ji muryarsa can ƙasa-ƙasa. Igiyar da ake zura shi da ita sai da aka yi ta ƙari ana ƙari, har ta zama kayan jaki guda. Kullum da safe ina kallon ɗana ya ɗaura ta a ƙugu, ya yi bisimilla, ya ɓace. Matarsa tana da ciki. Ni kuma ba halin in ce komai a kansa, sai in bi ta gefe. In ce wa Kawu igiya ta fara cinyewa. In ce gona tana son sassabe ba mai yi. In ce mutane sun fara gajiya da jan kwando. Ya san sarai abin da nake nufi, sai ya yi kamar bai gane ba, ya ce za a duba igiyar.

Rannan na kasa. Na iske shi shi kaɗai na ce, "Kawu, waccan ka bari kai kake nadama. Wagga ka ƙi bari, mu muke nadama. Yaushe za mu huta?"

Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce, "Ɗiyata, ke ba ki san mi ake ji ba in aka ce saura kaɗan."

Na ce na sani mana, tun ina goye nake jin sa. Ya juya mini baya. Muka yi kwanaki ba ma gaisawa sai a kan dole, ni da mutumin da ya tauna mini abinci da bakinsa lokacin da ba ni da uwa. Abin ya yi mini ciwo, kuma na san shi ma ya yi masa.

Cikin bazarar da ta wuce ne abin ya faru. Na kai wa masu jan ƙasa fura, rana ta ɗaga, maza sun taru a inuwar gawon, har liman yana nan. Sai muka ji wani gum daga ƙasa, ƙura ta taso ta bakin ramin, igiya ta yi sako-sako. Gefen ramin ne ya zame, wajen da rairayi yake. Maza suka kife a baki suna kira, shiru. Suka sake kira, shiru. Ban san lokacin da na yar da ƙwarya ba. Na ture wani dattijo, na durƙusa a bakin ramin, na kira ɗana da sunansa na yanka, sunan da bai taɓa fitowa daga bakina ba tun ranar da aka raɗa masa shi. Na yi ta kira ina ƙarawa, a gaban liman, a gaban surukaina, a gaban kowa. Can igiya ta motsa.

An fito da shi da la'asar. Ƙasa ta binne shi har ƙirji, kafaɗa ta goce, amma da ransa. Da hankalina ya dawo kunya ta rufe ni, na ja zane na rufe kai na shige gida. Mata sun yi mako suna tsokanata, wai ashe na san sunan.

Kawu yana wurin, a kan buzunsa, duk abin nan a idonsa. Wannan ne karo na farko a rayuwata da wani abu ya faru bai ce ruwan ne ba. Washegari da rana ya sa aka kai masa igiyar ramin can bayan ɗakinsa, ya ce zai duba ta, ya sallami kowa. Na zagaya zan ɗebo kara na iske shi zaune da wuƙa. Yana auna igiyar da hannunsa, ya yanke, ya ƙulle bakin, ya ajiye gefe, ya sake aunawa. Wuƙar ba ta da kaifi, gumi ya jiƙa masa riga. Na tsaya kawai.

Bai ɗago kai ba ya ce, "Jiya na ji sunan yaron ga a bakinki."

Na matso kusa da shi.

Ya ce, "Ni na sa ki. Ba ke kika yi rashin kunya ba."

Na zauna na riƙe masa igiyar yana yanka. Da muka yi nisa, shaiɗan ya sa na tambaye shi, to in ruwan yana nan kusa fa? Ya tsaya, ya daɗe yana kallon wuƙar. Ya ce, "To shi zauna can. Ban sani ba, kuma ba ni sani. Kwashe ki ɗaure awaki."

Na kwashe. Igiyar ta ishi awakin gidanmu duka, har na ba maƙwabta. Ba wanda ya lura, don ba mai duban abin da ke wuyan akuya. Mutanen gari suka ɗauka damina ce ta tsayar da aiki, daga baya kuma ciwon Kawu. Shi bai tara kowa ya yi bayani ba, girman kansa bai kai nan ba. Kada kuma in yi ƙarya in ce ya zama wani mutum dabam. Ya ci gaba da ɓata fuska in ya sha ruwa, kuma har ya mutu bai kai na Buzaye bakinsa ba. Amma ya daina tare baƙi. Da matar ɗana ta haihu, ya karɓi jaririn ya riƙe yini guda yana zaginsa wai ya zo ƙwace masa mata, bai ce masa komai a kan rijiya ba. Watannin nan na ƙarshe su ne kaɗai na zauna da Kawu na ji daɗin hira, kuma abin haushin ke nan, sun yi kaɗan.

Jiya aka yi sadakar bakwai. Da aka shafa fatiha Yaya ya shigo cikin gida da mutum biyu a bayansa, ya naɗe hannun riga kamar shi zai shiga, ya ce in fito musu da igiyar Baba. Ɗana yana tsaye gefe da kafaɗarsa da har yanzu ba ta ɗaguwa sosai, ya sunkuyar da kai, don ba zai musa wa Yaya ba. Na je turke na kwance jar akuyar Inna, na jawo ta har gaban Yaya, na sa masa igiyar a hannu.

Ya duba, ya juya ta. Ya san saƙar, don da hannun ubansa aka yi ta. Ya tambayi ina sauran. Na nuna masa turke, na nuna masa ta kan zana gidan maƙwabta. Ya ɗaga bakin igiyar yana kallon ƙullin, irin ƙullin da Kawu kaɗai ke yi.

Ya ce, "Shi da kan shi?"

Na ce, "Da wuƙar shi. Ni na riƙe mishi."

Yaya ya zauna a kan turmi, akuya tana jan shi tana neman komawa wajen 'ya'yanta, bai sake ta ba. Sannan ya ce wa mutanen da ke bayansa su je su gaya wa liman, gobe kowa ya fito da kwando, za a mai da ƙasar nan inda aka ɗebo ta.

Yau tun da safe ake zubawa. Ina jin su daga nan, ɗana yana cikinsu yana ɗauka da hannu guda. Allah shi gafarta maka, Kawu, shi shayar da kai abin da ya fi wanda ka hana kanka. Ka gajiyar da mu, wallahi ka gajiyar da mu. Ɗazu baƙo ya sha ruwa a zaure ya ajiye ƙwarya ba wanda ya ce masa komai, sai na shiga ɗaki na yi kuka.